Farantin da Ba a Wankewa

Etelka ta ɗora yatsunta a gefen ledar, ta auna kaurin kitsen naman aladen. Yatsa ɗaya. Ta ajiye, ta zaro wani yankan daga ƙasa, ta sake aunawa. Shi ma yatsa ɗaya ne, har da ɗan ragi. Sanyin firjin babban kantin yana hura mata a gwiwoyi, gwiwoyin da tun a cikin bas suke mita.

"Néni, wani abu kike nema?"

Wanda ya kira ta néni, wato inna, wani mutum ne mai farar hula, yana tura keken kaya cike da nama a leda. Ya kai shekara hamsin, idanunsa kuma irin na wanda ya fito aiki tun gari bai waye ba.

"Kitse nake nema," in ji Etelka.

"Ga shi nan a hannunki."

"Wannan? Wannan ai fata ce aka shafa wa mai."

Mutumin ya yi dariya, ya jingina da keken. Ya ciro biro daga aljihu ya shiga nuna mata sitikun da ke manne a jikin ledojin, ɗaya bayan ɗaya, da alama ya saba.

"Mai farar sitika, wannan na kowa da kowa ne. Mai koriya, ba a ciyar da aladen da abincin da aka sauya wa ƙwayar halitta ba. Mai ruwan zinariya kuwa shi ne babban baƙo, tsohon irin ƙauye. Ga hotonsa nan."

Etelka ta kusanto da ledar fuskarta. A jikin sitikar an zana alade mai nannaɗaɗɗen gashi kamar tunkiya, yana tsaye gaban wani gida mai rufin ciyawa, kusa da rijiya. Aladen ya fi duk wanda ta taɓa gani tsabta. Ta auna. Yatsa ɗaya da rabi.

"Na hoton nan zai yi yatsa huɗu," ta ce. "Ina sauran ya tafi?"

"Néni, in muka ajiye yatsa huɗu a nan, likitoci za su zo su garƙame mana kanti. Mutanen yanzu suna ganin kitse suke dafe ƙirji." Ya mayar da biron. "Ki duba can ciki, wani lokaci ana samun wanda ya kuɓuce musu."

Ya tura kekensa ya wuce. Etelka ta tsaya riƙe da ledar.

A Nádasér, ƙauyensu, da zarar sanyi ya kama sosai, gidaje suke fara yanka alade bi da bi. Gidan da ya yanka zai aika wa maƙwabta da dangi farantin ɗanɗano: tsiren hanji guda, wato niƙaƙƙen naman da aka cusa a hanji, ɗan tsoka, da yankan kitse a sama, a rufe da ƙyalle. Wanda aka kai wa zai juye, ya mayar da farantin yadda yake, da maiƙonsa da komai. Ba a wankewa. Wanda ya wanke ya wanke sa'ar aladen baɗi na gidan da ya aiko.

Sau ɗaya Etelka ta taɓa ganin an mayar da faranti a wanke. Shekarar da tsohuwa Terka ta daina kiwo ce, ta sayo nama a gari ta raba kamar nata. Ba wanda ya yi mata faɗa. Farantanta dai suka dawo fes, suna ƙyalli, kuma daga nan ba a sake kai mata ɗanɗano ba, ba a sake kiranta wankin hanji ko narka kitse ba. Ta ƙarasa shekarunta a tsakiyar ƙauyen kamar baƙuwa. Wadda ta fara wankewa a lokacin kuwa Aranka ce, maƙwabciyar Etelka ta jikin shinge, wadda in ta yi abu sauran mata suke bi.

Gidan Etelka bai taɓa jin tsoron wannan ba. Mijinta Gáspár ya yi sama da shekara talatin yana zaɓen aladunsa. Duk haihuwa sai ya zauna a bakin garke da sandarsa, ya duba gashi, ya duba ƙafa, ya duba faɗin baya, ya ware waɗanda za su ci gaba da iri. Har ƙauyukan ƙetaren kogi an san kitsen gidan Gáspár: yatsa huɗu, fari tas, mai narkewa a kan burodi mai zafi. In farantinsu ya shiga gida, mai gidan yakan jera yatsunsa a jikin kitsen kafin ya ce an gode. Wasa ne, amma kowa yana yi.

Gáspár ya rasu lokacin shukar masara. Tun yana kwance Etelka ta sayar da aladun, don bayanta ba zai iya da bokitai ba. Ɗaya ta bari: Bodri, mace, wadda ya raɗa wa sunan kare saboda tana bin sa har bakin ƙofa. Ita kaɗai ta rage daga duk zaɓen da ya yi. In aka yanka ta, an yanka irin.

Tun farkon Disamba farantai suke shigowa gidan Etelka, tana juyewa tana mayarwa da maiƙonsu. Vendel mahauci ya tare ta a ƙofar coci ya tambaye ta wace rana zai zo da wuƙaƙensa. A nan bakinta ya riga ta. Ta ce ai akwai wani ɗan Bodri da ta ba ƙaninta Lajos kiwo a ƙetaren kogi, can za a yanka, ita za ta je ta ɗauko rabonta. Yau ce ranar da ta faɗa. Ta hau bas ɗin safe da babban kwandonta, ta sauka a gari.

Ta sunkuya ta zura hannu can cikin firjin kamar yadda mutumin ya ce.

"Anyu?"

Etelka ta ɗago da sauri har bayanta ya amsa. 'Yarta Réka ce ta kira ta Anyu, wato mama, tana tsaye da rigar ofis a ƙarƙashin kwat, riƙe da burodi da robar madara. Ofishinsu yana bayan kantin nan. Etelka ta san haka, shi ya sa ta so ta gama kafin azahar, sai aune-aune ya cinye mata lokaci.

"Me kike yi a gari? Ba ki ce za ki shigo ba."

"Sai na nemi izini?"

Réka ta matso. Ta leƙa kwandon kantin da ke gefen ƙafar uwarta: hanji mai gishiri a leda, tafarnuwa, jan barkono, kafaɗar alade mai farar sitika. Ta daɗe tana kallo.

"Ɗanɗano za ki haɗa."

"Rage murya."

"Wa ya san ki a nan, Anyu? Me kika gaya musu a gida?"

Etelka ta gaya mata, a taƙaice, tana kallon firji.

"Kawu Lajos?" Réka ta toshe baki da bayan hannu. "Kawu Lajos da ke zaune a bene hawa na uku? A ina yake kiwon, a baranda?"

"Ba wanda ya san ya sayar da gidan."

"Aranka néni ta san ranar da kaza ta yi ƙwai a ƙauye uku."

"To ki tsaya nan ki yi ta dariya, ni ina da bas da zan kama."

Réka ta daina. Ta ajiye burodinta a kan kayan uwar, ta karɓi ledar da ke hannunta, mai koriyar sitika.

"Wannan kika zaɓa?"

"An ce ba a taɓa masa halitta ba. In zan yi ƙarya, gara na yi da nama mai tsabta."

"Ba abin da sitikar ta ce ke nan ba. Abincinsa take nufi, masarar da waken da ya ci. Aladen kansa ɗaya ne da na farar sitika, wataƙila ma uba ɗaya suka haɗa." Réka tana magana a hankali, kamar yadda take yi in ta gaji. Aikinta ke nan a kamfanin kiwo: tana zaune gaban kwamfuta tana haɗa wane namiji da wace mace, daga gwajin jini da awon nauyi. "Duk firjin nan ba aladen da aka shiga ɗakin gwaji aka sauya wa ƙwayar halitta. A wasu ƙasashen ana gwadawa, don cuta ta daina kama su. Waɗannan zaɓensu kawai aka yi, kamar yadda Apu yake yi. Shi ya zaɓi masu kitse, su sun zaɓi marasa kitse. Shi ke nan."

"Kada ki haɗa ubanki da su."

"Me ya sa? Shi da ido da sanda, mu da na'ura."

"Ubanki yana zaɓa ne don gida ya samu man girki har sanyi ya zagayo. Ku kuna zaɓa ne don leda ta yi kyau."

"Muna zaɓa ne don abin da mutane za su saya, Anyu. Ke ma ga shi kin zo saye." Réka ta cije leɓe, ta sassauta. "Kin tuna Pötyi?"

Etelka ta tuna. Wani ɗan alade ne mai ɗigo a kunne, da Réka take ba madara da cokali tana 'yar shekara bakwai. Gashinsa ya fito a miƙe, bai nannaɗe ba. Gáspár ya duba shi sau ɗaya ya ce ba ya cikin iri. Aka dandaƙe shi, kafin Kirsimeti aka cinye.

"Na yi kwana biyu ban ci abinci ba," in ji Réka. "Apu ya ce min haka ake gyara iri, wanda bai yi ba a fitar. A wurinsa na koyi aikin nan. Ban ce ya yi laifi ba. Na ce dai abu ɗaya muke yi."

Wata mata da yaro a keken kaya ta nemi hanya. Suka matsa mata. Etelka ta ji ƙafafunta suna son kujera, amma babu kujera a kantin, sai layuka da fitilu.

Ta ɗauko mai ruwan zinariyar. "Wannan fa? Shi ma ƙarya ce?"

"Ba ƙarya ba ce. Rabi ce." Réka ta nuna ƙananan rubutu a ƙasan hoton, waɗanda Etelka ta ɗauka ado ne. "Ɗan ruwa biyu ne. Gefe ɗaya mai nannaɗaɗɗen gashi, ɗaya gefen jan alade mai saurin girma. An rubuta, ga shi nan."

"Da rubutun da sai tururuwa za ta karanta."

"An dai rubuta." Réka ta juya ledar a hannunta. "Namu ne wannan, Anyu. Daga gonakinmu yake. Kuma maganar da na yi miki tana nan. Mutanen kamfani suna son Bodri. Irin Apu ba shi da yawa yanzu, sun ga gwajin jininta sun yaba. Za ta samu ɗaki mai ɗumi, da likita, ke kuma ki huta da bokiti."

"'Ya'yanta su shigo nan da yatsa ɗaya da rabi."

"Su shigo da rai dai. Shekararta biyar. In ba a yi mata barbara a sanyin nan ba, kitse zai rufe ta, ba za ta sake ɗaukar ciki ba. Kin fi ni sani. Kina tsaron iri ne a bayan gida har ya mutu da kansa."

Etelka ta mayar da ido kan firji. Ta san gaskiya ne. Ta sha tsayawa a bakin garke tana kallon Bodri tana faɗi, tana lissafin wata, ba ta san wa za ta tambaya namiji ba, don Gáspár ne yake sanin waɗannan abubuwa, shi yake zuwa ya sha giyar pálinka da mutane ya dawo da magana.

"Ba yau ba," ta ce.

"Kullum ba yau ba."

Réka ta cire kwat ɗinta ta miƙa wa uwar, ta naɗe hannun riga, ta durƙusa gaban firjin da siket ɗin ofis. Ta shiga zaro ledoji masu ruwan zinariya daga can ƙurya, tana ɗora yatsunta a gefen kowanne, daidai yadda ubanta yake yi, babban yatsa a naɗe. Etelka ta kau da kai.

"Ga wannan. Biyu da ɗan wani abu. Ba za ki samu wanda ya fi shi ba ko kin kwana nan." Ta zaro wasu uku masu kama da shi. "Ki yanke gefen da aka buga hatimi a fatar. Kuma ki cire sitikun, suna da naci."

"Ni za ki koya wa?"

"Na rufa miki asiri ne kawai." Réka ta karɓi kwat ɗinta. Ta sumbaci uwar a kumatu, sanyin firji a fuskarta. "Ki kira ni da yamma. Ko an wanke ko ba a wanke ba."

A tashar bas Etelka ta shiga bayan rumfa ta juye kayan cikin kwandonta na gida, ta rufe da tsohon ƙyalle mai jan baki, ta cusa jakar kantin a kwandon shara. Direban bas ɗin bayan azahar ɗan ƙauyensu ne.

"Etelka néni! An yanka lafiya? Yaya lafiyar Kawu Lajos?"

"Yana gaishe ka."

"Kwandon nan bai yi nauyin na da ba."

"Ni ma ban yi ƙarfin da ba. Ja mota."

Ta zauna kusa da taga. Gonaki suka yi ta wucewa, baƙar ƙasa da ragowar ƙanƙara a kwaruruka, sai dogayen ɗakunan kiwo na kamfani masu rufin kwano, ba taga, ba motsin komai a waje. Ta rufe ido, ba ta yi barci ba.

Tana buɗe ƙofar gida Bodri ta fara gurnani daga baya. Etelka ta ajiye kwandon, ta haɗa dusa da ruwan ɗumi, ta kai mata bokitin tana hutawa a rabin hanya. Bodri ta tura hanci ta tsakanin katako. Gashinta na sanyi ya fito, nannaɗe-nannaɗe, da karan alkama a maƙale. Etelka ta sosa mata bayan kunne, hannunta ya nutse a taushin wuyan.

"Ci," ta ce. "Saboda ke nake yawon nan."

A kicin ta hura murhu, ta ja labule. Ta farke ledojin ta jefa su wuta, suka narke da wari. Sitikun kuwa sun ba ta wahala, suna barin leda su kama yatsa, ta ɓamɓare daga yatsa su kama ƙyalle. Ta yi ta fama har ta ga teburin ya fita. Ta yanke hatimin da ke fatar. Ta ɗaura injin niƙa a bakin tebur, ta niƙa kafaɗar, ta zuba gishiri da tafarnuwa da jan barkono da ido, yadda ta saba. A da, ranar irin wannan, kicin ɗin nan ba ya ɗaukar mutane: mata huɗu a kan hanji, maza a tsakar gida suna babbaka da karan alkama, Vendel yana zagin kowa, Gáspár yana zagayawa da kwalba. Yau ita ce mai juya injin, ita ce mai riƙe hanjin, sai ta juya kaɗan ta tsaya ta gyara.

Naman yana sakin ruwa. Ta matse, ta ƙara ɗan kitse daga gefen yankan, ta ɗanɗana. Ba laifi. Barkonon dai nata ne.

Rana ta kusa faɗuwa ta gama. Ta ɗauko farantin langa mai shuɗin baki, wanda ta shigo gidan nan da shi. Ta nannaɗe tsiren hanji guda, ta sa tsoka, ta ɗora yankan kitsen da ya fi kauri a sama. Ta juya shi ta wannan gefe, ta juya ta wancan. Ko ta ina aka duba, biyu ne da ɗan wani abu. Sauran farantai sai gobe. In na Aranka ya dawo da maiƙo, na kowa zai dawo da maiƙo. Ta rufe da ƙyalle, ta yafa mayafi a kan rigar sanyin da ta yi aiki da ita, ta fita.

Aranka tana zaune gefen murhu tana ɓare wake a cinya. Ta girmi Etelka da kaɗan, gajera, mai kaifin ido, tabarau rataye a wuyanta da igiya.

"Yau kuma? Na ce ko kogin ya tafi da ke. Shigo ki rufe min ƙofa, ba titi nake ɗumamawa ba."

"Ga ɗanɗano, Arankám. A ci lafiya."

"A kan tebur. Zauna, Etus, kin yi kama da wadda aka tono."

Etelka ta zauna a bakin kujera. Aranka ta kakkaɓe cinya, ta taso, ta yaye ƙyallen. Ta fara ɗaga tsiren hanjin ta shinshina.

"Tafarnuwa ta yi yawa. Tun kina amarya nake gaya miki."

"Tun ina amarya kike cinyewa."

Aranka ta ajiye. Sannan ta jera yatsunta a jikin kitsen. Biyu suka zauna. Na uku ya tsaya a iska, na huɗu kuwa bai ma yi kusa ba. Ta bar hannun a wurin. Agogon bango yana ta aikinsa. Etelka ta kafa ido a kan wake guda da ya faɗi ƙasa.

"Ɗan Bodri ne wannan?"

"Eh."

"Hm."

Aranka ta ɗauko kwanonta ta juye kayan ɗaya bayan ɗaya. Farantin ya rage a hannunta, da jan maiƙon barkono kwance a tsakiya. Ta juya wajen wurin wanke-wanke, inda tukunyar ruwan zafi take tururi. Etelka ta ji kamar ta tashi ta tafi tun kafin ta ji ƙarar ruwan.

Aranka ta ajiye farantin a gefen tukunyar. Ta wanke hannunta, ta goge a jikin riga. Ta dawo ta tsaya a kan Etelka.

"Ɗaga hannu."

"Me?"

"Ɗaga hannu, na ce. Kin kwaso datti."

Ta kama gwiwar hannun Etelka, inda mayafin ya zame, ta ɓamɓaro wani abu daga jikin rigar sanyin. Ya kama mata yatsa. Sitika ce mai ruwan zinariya, da alade mai tsabta a gaban gida mai rufin ciyawa.

Aranka ta riƙe shi nesa da fuskarta, ta ƙanƙance ido. Tabaraun yana lilo a ƙirjinta. Ba ta taɓa shi ba.

"Idon nan ya ƙare," ta ce. "Ba na ganin komai da yamma."

Ta buɗe bakin murhu, ta karkaɗe yatsa har abin ya faɗa, ta rufe.

Ta koma kujerarta ta jawo kwanon wake. Ta ɓare biyu, uku, kafin ta yi magana.

"Vendel ya ce akwai wani a ƙauyen Kisberek da ke da namijin alade mai nannaɗaɗɗen gashi. Tsohon iri, ba gauraye. Kurma ne mutumin, sai an yi masa ihu, amma ba ya ƙin pálinka. Tirelar surukina tana zaune ranar Alhamis, shi ma yana zaune, kamar kullum, sai mu kai Bodri can. Sai dai ki tashi da wuri, ba zan tsaya jiranki ba."

Etelka ta gyara mayafinta.

"Tun kaka nake jira ki tambaya," in ji Aranka. "Ina jin Bodri ta shinge tana kuka duk wata. Ke kuma kin kulle baki kamar an ɗinke. Gáspár ma da taurin kansa yakan tambaya."

"Bayana ba zai iya da 'ya'ya ba, Aranka. Guda ɗaya ma ina hutawa a hanya."

"To ki huta a hanya. Wa yake korar ki?"

Etelka ta yi tunanin bokitai. Na safe da na yamma, cikin taɓo, cikin ƙanƙara, wata bayan wata. Ta yi tunanin ɗaki mai ɗumi da likita da Réka ta ambata, da yadda za ta gaya mata a waya. Gajiyar yinin duka ta sauko mata a kafaɗa lokaci ɗaya. Ta dafa tebur ta miƙe.

"Ƙarfe nawa?"

"In kin ji mota."

Ta kai bakin ƙofa Aranka ta kira ta.

"Ke, farantinki. Ko kyauta kika ba ni?"

Ta miƙo shi yadda yake. Maiƙon ya fara daskarewa, ja a tsakiya, fari a gefe, da sawun yatsan Aranka a baki. Etelka ta karɓa da hannu biyu, ta rufe da ƙyallen a hankali don kada ya goge.

"Irin nan ba sa sauri," in ji Aranka, idonta a kan wake. "Ko Bodri ta ɗauki ciki yanzu, baɗi war haka 'ya'yan ba su kai yanka ba. Lajos ne zai sake yanka miki, ko?"

Etelka ta tsaya riƙe da ƙofa.

"Shi ne."

"To ki ce masa ya ƙara masara. Na san hawa bene uku da buhu akwai wuya, amma ya daure."